Mota Mai Ƙwanji

A shekara ta 2013 neman ilmi ya kai ni ƙasar Amurka, na sauka a wani gari kusa da birnin Ditroit, cikin jihar Mishigan. Birnin nan shi ne cibiyar ƙera motoci ta ƙasar, in ka jefa dutse cikin taro da wuya ya faɗa kan wanda ba shi da dangi a masana'antar mota. Na kama hayar ɗaki a saman benen wani dattijo da matarsa. Tun da ya ke sun haife ni, sai na riƙa kiransa Baba, ita kuwa Inna. Da na bayyana musu ma'anar kalmomin suka yi murna, shi ma ya koma ce mini ɗana.

Abin da ya fara ba ni mamaki a gidan shi ne garejinsu. Na isa da hunturu, ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat. Baba yana da wata ƙaramar mota sabuwa wadda ya ke zuwa kasuwa da asibiti da ita, amma kullum a waje ta ke kwana, da safe sai ya kankare ƙanƙarar da ta daskare a gilashinta, hannunsa na rawa don sanyi. Garejin kuwa yana kulle, cikinsa akwai wani abu dogo lulluɓe da mayafi. Na ce a raina, wane irin baƙo ne wannan da aka ba ɗaki, aka bar mai yi wa gida bauta a tsakar gida? Amma baƙo ba ya tambaya tun bai sha ruwa ba, na yi shiru.

Ran nan, da sanyi ya wuce, ganye ya fara tohowa, sai ya kira ni ya ce, "Ɗana, zo ka kama mini." Muka yaye mayafin. Sai ga wata mota ja wur, mai ƙofa biyu, doguwa, mai faɗi, tana ƙyalli kai ka ce jiya ta fito daga kamfani. Ya shiga, ya taka totur sau biyu, ya murɗa makulli. Wallahi sai da na ja da baya. Wata ƙara ce ta tashi kamar cida daga nesa, ƙasa ta ɗauki rawa, sifanonin da ke rataye a bango suka yi ta kaɗawa. Ya leƙo ta taga yana dariya kamar yaro ran salla, ya ce, "Sunanta GTO, ƙirar Pontiac, ta 1966. Sabuwa na saye ta, ina ɗan shekara ashirin."

Na lissafa, na ga shekararta arba'in da bakwai. Na ce, "Baba, a garinmu motar da ta kai haka ai sai 'yan gwangwan, su auna ta a sikeli." Ya ce, "Nan ma an auna dubbai. Abin da ya sa ta yi tsada ke nan." Ban fahimci maganarsa ba sai daga baya. A lokacin dai na ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Bari in tsaya in bayyana maka irin motar nan, ya mai karatu, don kada labarin ya shige maka duhu. Mutanen Amurka suna kiran irinta da wani suna wanda in an mayar da shi Hausa sai a ce mota mai ƙwanji. Ka san a cikin injin mota akwai waɗansu ramuka kamar turame, su ne silinda, inda mai ke ƙonewa ya tura fistin. Yawancin motocin da ka ke gani silinda huɗu gare su. Waɗannan kuwa takwas ne, huɗu dama huɗu hagu, sun buɗe kamar bakin gwafa. Girman inji da lita a ke auna shi, watau yawan abin da silindojin za su ci in da za a zuba musu ruwa, ƙarfinsa kuwa da ƙarfin doki. Injin motar Baba lita 6.4 ne, ƙarfin doki 360. Dabarar duka ita ce a ɗauko injin babbar mota mai nauyi a dasa shi cikin matsakaiciyar mota maras nauyi, kamar a ɗauki ƙarfin ingarma a ba ƙuru, sa'an nan a sayar da ita da kuɗin da saurayi ma'aikaci zai iya biya.

Asalin abin ma da wayo aka yi shi. Babban kamfanin General Motors, wanda Pontiac ke ƙarƙashinsa a lokacin, ya kafa doka kada a sa wa matsakaiciyar mota injin da ya wuce lita 5.4. Sai wani injiniya mai suna John DeLorean da abokan aikinsa suka duba dokar suka ga kafa. Ba su ce sun ƙera sabuwar mota ba, sai suka ce ai motarsu ce ta da, mai suna Tempest, amma wanda ya ke so ya ƙara kusan dala 300 a sa masa babban inji. Wannan a 1964 ne. Manya suka yarda da ƙyar, da zaton ba za a sayar da fiye da 5,000 ba. Kafin shekara ta ƙare an sayar da 32,450. A 1966, shekarar da Baba ya sayi tasa, abin ya kusa 97,000. Da sauran kamfanoni suka ga haka sai kowa ya shiga sukuwa. Ford dama ya fito da Mustang cikin watan Afrilu na 1964, sai ya shiga ƙara mata ƙarfi. Dodge ya kawo Charger. Plymouth ya kawo Road Runner a 1968, har ya biya dala 50,000 don a ba shi izinin sa mata sunan wani tsuntsu na wasan majigin yara, ya yi mata oda mai kuka irin na tsuntsun. A 1970 Chevrolet ya kai Chevelle ƙarfin doki 450.

To, me ya sa abin ya kama a wannan zamani, bai kama kafinsa ba? Baba shi ne amsar. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 sojoji suka koma gida suka yi aure, aka yi ta haihuwa ba ƙaƙƙautawa. 'Ya'yan nan su ne suka isa tuƙi wajen 1964, miliyoyinsu, ga aiki ko'ina. Baba ya bar makaranta ran Juma'a, ran Litinin ya kama aiki a masana'anta. Galan na fetur bai kai santi 40 ba. Gwamnati kuma tun 1956 ta ke shimfiɗa manyan hanyoyi daga wannan gaɓar teku zuwa waccan, miƙaƙƙu sambal. Saurayi da kuɗi a aljihu, da mai araha, da hanya ba kwana, me ka ke zato zai saya?

Akwai wani titi da ya tashi daga tsakiyar Ditroit ya nufi arewa har garin Pontiac, sunansa Woodward. Nan samari su kan taru da dare. Motoci biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa gaban danja, direbobi su dubi juna, kowa ya taka totur ya nuna muryarsa. Da fitila ta koma kore sai su zabura, tayoyi na hayaƙi, wanda ya riga kai danja ta gaba shi ya ci. Wanda ya taɓa ganin 'yan samari na sukuwa bayan hawan salla ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Kada ka zaci yabonsu kurum na zo yi. Motocin nan gudu kaɗai suka iya, shi ma a miƙe. Burkinsu bai kai rabin ƙarfin injinsu ba, in an zo kwana sai su karkace kamar jirgin ruwa, galan guda kuwa da ƙyar ya kai su mil goma sha biyu in direba mai nauyin ƙafa ne. A ƙarshen shekarun 1960 mutum fiye da 50,000 ke mutuwa kowace shekara a hanyoyin Amurka, samari da yawa a ciki. Baba kansa yana da hoton wani abokinsa manne a bangon gareji. Na tambaye shi, ya ce, "Tare muka fita ran nan. Ni na taka burki, shi bai taka ba." Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Zamanin nasu bai wuce shekara goma ba. Kamfanonin inshora suka ga asara ta yi yawa, suka tsawwala wa samari masu irin motocin kuɗi. A 1970 aka yi dokar tsabtace iska, dole aka rage ƙarfin injuna. Sa'an nan cikin watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, aka yi ta layi a gidajen mai, a 1974 gwamnati ta hana gudu fiye da mil 55 cikin awa. A shekarar nan aka daina ƙera GTO irin ta da. Motar da jiya a ke taƙama da ita ta zama kaya, mutane suka yi ta rabuwa da su a wulaƙance don su sayi ƙanana masu tsimin mai. Waɗansu aka farfasa su wajen tsere, waɗansu aka kai su sikeli, saura kuwa tsatsa ta cinye, gama a jihohin arewa gishiri a ke zuba wa hanya da hunturu don ƙanƙara ta narke, gishiri kuwa shi ne ajalin ƙarfe. Nan na gane dalilin da ya sa sabuwar mota ke kwana waje, tsohuwa na ɗaki. GTO ba ta taɓa taka gishiri ba tun 1970.

Shekaru suka shuɗe, samarin nan suka yi furfura, 'ya'yansu suka tashi, kuɗi ya zauna musu. Kowa ya tuna motar da ya sayar, ko wadda ya yi sha'awa bai samu ba, aka fita nema, ga masu nema da yawa ga abin nema kaɗan. Sai farashi ya tashi. A 2014 aka yi gwanjon wata Plymouth ta 1971 mai buɗaɗɗen sama da inji mai suna Hemi, irin wadda duk duniya ba a ƙera fiye da goma sha biyu ba a shekarar, ta tashi dala miliyan 3.5. Koriyar Mustang da ɗan wasa Steve McQueen ya tuƙa cikin fim ɗin Bullitt na 1968, wani mutum ya saye ta a 1974. McQueen da kansa ya rubuta masa takarda yana roƙon ya sayar masa, ya ƙi. Cikin watan Janairu na 2020 iyalinsa suka kai ta gwanjo, ta tashi dala miliyan 3.74, da tsatsarta da lotsewarta, ba a ko sake mata fenti ba.

Na yi gardama da Baba a kan wannan ba sau ɗaya ba. Na ce, "Baba, motocin iyali na yanzu da yawa sun kamo taka wajen gudu, sun fi ta burki nesa ba kusa ba, ga sanyi ga tsimin mai. To, me a ke saye?" Ya ce, "Gaskiyarka." Sai ya ɗaga murfin injin ya ce in leƙa. Na leƙa, na ga kome a fili, har ana hangen ƙasa ta gefen inji. Ya ce, "Nuna mini abu guda a nan wanda ba zan iya kwancewa da sifana in mayar ba." Sa'an nan ya nuna ƙaramar motar da ke waje, ya ce, "Waccan in ta yi tari sai an kai ta wurin mai kwamfuta ya tambaye ta abin da ke damunta." Duk damanar nan ni ne yaron garejinsa ran Asabar. Ya koya mini canja fulogi, da daidaita kafireta, gama uku gare ta jere, da kunne ya ke gyara su, ya kanga kansa yana saurare kamar makaɗi na ɗaure kalangu. Ranar da na daidaita ta tsakiya da hannuna, injin ya kwanta ya yi luf yana gurnani sannu sannu, na ji wani daɗin da ban taɓa ji ba ko ran da na ci jarrabawa. A nan na rage gardama.

Amma babban dalilin ba a injin ya ke ba. Inna tana da ciwon mantuwa irin na tsufa, kullum gaba ya ke yi. Wata rana ta kira ni da sunan ƙanenta da ya rasu, wata rana ta tambayi Baba ko shi wane ne. Abin al'ajabi, da zarar an tayar da GTO sai ka gan ta ta fito bakin ƙofa tana ɗaura ɗankwali, ta kira shi da sunansa daidai, ta ce ina za su? Baba ya gaya mini a cikin motar nan ya riƙa zuwa zance wurinta. A 1967 aka ɗauke shi soja aka kai shi yaƙin Biyetnam, ya bar mata makulli. Ba ta iya tuƙi ba a lokacin, amma kowace Lahadi sai ta je gidan iyayensa ta tayar da injin, ta zauna ciki kaɗan don kada batir ya mutu, ta kashe ta koma gida. Haka ta yi har ya dawo. Abin da hannu ya saba da shi, ashe, ya kan daɗe bayan sunaye sun gudu.

Da ciwon ya yi tsanani likita ya ce sai a sami mai kula da ita dare da rana, abin nan kuwa a Amurka kuɗi ne mai yawa, fanshon Baba ba zai ɗauka ba. Ya kira ɗansa da ke wani birni mai nisa, ya ce ko yana son motar ya biya abin da ya sauwaƙa. Ɗan ya ce a bene ya ke zaune, ba shi da wurin ajiye ta, bai kuma san yadda a ke riƙon irinta ba. Ban ga laifinsa ba. Motar ƙuruciyar ubansa ce, ba tasa ba, ina ma zaton haka zai sami da yawa daga cikin motocin nan in masu tunawa da su suka ƙare. Baba ya kwana uku bai yi magana ba, a na huɗu ya ce in taya shi rubuta talla.

Mai saye ya zo da tocila da madubi ɗan ƙarami. Bai damu da ƙyallin fenti ba, sai ya kwanta ƙarƙashinta yana karanta lambobi. Ga al'adar cinikin nan, motar da ta fi daraja ita ce wadda injinta da giyarta su ne ainihin waɗanda ta fito da su daga kamfani, akwai kuwa lambobi da haruffa da aka buga jikin ƙarfe masu shaida haka, a gwada su da takardun motar. Ya fito yana karkaɗe riga ya ce, "Dattijo, injin nan ba nata ba ne." Baba ya ce haka ne, shi ya fasa na farin da kansa a 1971, wajen tsere, ya sayo wani ya sa. Mutumin ya taya, tayin ya yi ƙasa ƙwarai. Baba ya yi shiru. Can sai ya ce mini, "Ɗana, janye wancan katako." A ƙarƙashin teburin aikinsa akwai wani baƙin ƙarfe mai nauyi, duk ƙura da saƙar gizo, wanda na sha ɗora ƙafa a kansa ina cin abinci. Ashe gangar tsohon injin ce. Ya ce ya yi niyyar jefar da ita tun tuni, nauyinta ya hana shi. Mai saye ya durƙusa ya goge lambar da yawu da yatsa, ya haska, ya daɗe yana dubawa. Da ya miƙe sai ya ƙara kusan sulusin abin da ya taya da fari, saboda fasasshen ƙarfen da ba ya ko motsi.

Aka daidaita a kan abin da ya ninka kuɗin sayenta wajen sau goma sha biyar. Da dare na zauna na yi lissafi, don na ji mutane na cewa irin motar nan ajiya ce da ta fi banki. Dalar 1966 tana sayen abin da sai dala bakwai za ta saya a 2014, ka ga rabin ribar ta tafi ke nan. Ka ɗebe inshorar shekara arba'in da takwas, da fenti, da tayoyi, da inji na biyu, ban da ranakun Asabar da ba su ƙirguwa. Abin da ya saura bai taka kara ya karya ba. Masu miliyoyin nan da a ke bugawa a jarida 'yan ƙalilan ne, ɗaya cikin dubbai. Na nuna wa Baba lissafin, ya duba ya ce daidai ne, amma kuɗin zai riƙe Inna a ɗakinta, kusa da shi, har wani lokaci, shi kuwa abin da ya ke so ke nan.

Ya roƙi mai saye alfarma guda, a bar masa ita har watan Agusta ya raba. Tun 1995, kowace Asabar ta uku ta watan nan, masu tsofaffin motoci su kan taru a titin Woodward, dubbai, su yi ta kai da kawowa a hankali, jama'a sun jeru gefen hanya bisa kujeru suna kallo. Muka fita da hantsi, Baba na tuƙi, Inna a gefensa da ɗankwalinta, ni a baya. Gudunmu bai fi na keke ba saboda cunkoso. Ko'ina ka duba furfura ce a bayan sitiyari. A wata danja wani tsoho cikin baƙar Charger ya tsaya daura da mu, ya dubi Baba, ya taka totur sau ɗaya. Baba ya mayar masa. Inna ta bugi hannunsa ta ce, "Kai dai ba ka ji, za ka sa 'yan sanda su kama mu, babana kuwa ya ce in koma kafin goma." Baba ya ce, "To, na bari." Fitila ta koma kore, motocin biyu suka tashi sannu kamar masu rakiyar amarya.

Ran Litinin babbar mota mai rufi ta zo ɗaukarta. Muka cicciɓi tsohuwar gangar injin mu huɗu muka sa a ciki. Baba ya miƙa makulli da wata jaka cike da rasiɗai tun na 1966, sa'an nan ya riƙe hannun mai sayen ya ce, "In ta kwana biyu ba ta tashi ba, ka taka totur sau biyu, kada ka yi uku, sai ta shaƙe. Kada kuma ta ga gishiri." Mutumin ya ce ya ji. Da suka tafi Baba ya ɗauko tsintsiya ya share garejin, ya zuba yashi kan tabon baƙin mai da ke tsakiya, ya ninke mayafin ya ɗora bisa tebur. Da yamma ya ce in shigo da ƙaramar motar ciki.